Yadda Motar Mailafiya Ta Ɗaga Hanci

A duk faɗin Jihar Arewa maso Yamma, daga Sakkwato har bakin Kwara, ba a taɓa yin makaniken da ya san ƙafar mota kamar Mailafiya na Kontagora ba. Wannan magana tabbatacciya ce, domin daga bakin mai ita aka ji ta, kuma ya sha maimaita ta bai taɓa canza ko kalma ɗaya ba. Abin da ya rage kawai shi ne a sami mutum na biyu da zai faɗe ta.

Ƙafar mota, ga wanda bai taɓa kwanciya a ƙarƙashinta ba, ita ce duk abin da ke tsakanin taya da jikin mota: sifirin da shokozoba da sauran ƙarafan da ke shanye dukan hanya kafin ya iso ƙugun fasinja. A ƙasar da ramuka suka fi kwalta yawa wannan sana'a ce mai ci, kuma ta ciyar da Mailafiya shekaru.

A Zugurma aka haife shi. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, ƙanwar ubansa, Gwaggo Turai, ta riƙe shi tare da ƙanensa Lukuman. Shekarar da ƙasa ta sami 'yancin kai, shi ma ya ga babu dalilin da za a bar shi a baya. Ya yar da fartanya a tsakiyar kunya, ya faɗa a gaban maƙwabtan gona cewa shi da duƙawa sai dai a salla, ya ɗare bayan wata motar hatsi. Ya kuwa cika alkawari, don makaniken ƙafa kwanciya yake yi. A Kontagora ya faɗa hannun wani mutumin Gabas, wanda ya koya masa aiki da baki, wani lokacin da bayan sufana. Da rikici ya tashi, mutumin ya tafi da abin da hannunsa ya iya ɗauka, ya bar masa rumfar kwano da jak da akwatin sufanu da gawar wata tsohuwar Fijo, ya ce ya riƙe masa kafin ya dawo. Bai dawo ba. Mailafiya ya riƙe, ya auri Ruka, ya tashi Fijon nan daga matattu da ƙarafan da ya tsinto nan da can, har ta kai tana tashi ba sai an tura ba, idan ta ga dama.

Abin da ya karya shi bai fi tsawon yatsa ba. Wani attajirin hatsi zai sauka daga Makka, direbansa ya kawo mota ana gobe tarya, falle ɗaya na sifirin ɗin gaba ya tsage. Mailafiya ya san karyayyen sifirin ba a yi masa walda. Amma babu wani sifirin a gari, direba kuma yana rantsuwa da iyayensa cewa daga bakin gari zuwa gida ne kawai. Ya liƙa. Washegari, a tsakiyar tasha, jama'a cike, Alhaji a kujerar gaba yana ɗaga hannu, mota ta taka wani ɗan rami ta durƙusa da gaba, a hankali, cikin ladabi, kamar raƙumin da za a sauke wa kaya. Alhaji bai ji ciwo ba. Ya dai fito da rarrafe, wanda ba haka aka shirya ba.

Direba yana iya yafe wa makaniken da ya kashe masa inji a dokar daji inda babu ido. Kunyar tasha ce ba a yafewa. Daga ranar sunan Mailafiya ya koma Raƙumi, motoci suka riƙa wuce rumfarsa suna yi masa ham na gaisuwa. Hatsin da gidansa ke ci ya koma zuwa daga rumbun Lukuman. Ruka ta fara rage kwanukan jerenta ɗaya bayan ɗaya, ba ta ce masa komai ba, shi ma bai tambayi inda suke tafiya ba.

Gwaggo Turai ce ta yanke magana. 'Yar kasuwar hatsi ce da ta san kowace kasuwa daga Zugurma har Rijau, kuma da Allah ya zo yi mata jiki bai yi rowa ba. Ba ta taɓa shiga bayan mota ba. Kujerar gaba tata ce, ita kaɗai, don ba ta barin wurin wani.

"Rumbun ƙanenka ba zai ƙara ciyar da bakin da ke birni ba," in ji ta. "Ruwan farko ya sauka, ka tattara matarka da ƙarafanka. Fartanyarka tana nan, ba wanda ya taɓa ta."

A cikin wannan bazarar ne aka yi shelar tseren motoci. Wasu manyan ma'aikata masu kulob a bayan gari, da Turawa biyu masu aikin hanya, suka ga ya kamata Kontagora ta ga abin da ake yi a manyan birane. Za a tashi daga filin kulob, a bi hanyar Rijau har wata kuka da za a kafa wa tuta, a juyo, a ƙare a tasha. Kowa yana iya shiga, in dai motarsa ta bi doka. Mailafiya bai ji komai a cikin shelar ba sai kalmar tasha. A nan aka binne sunansa, a nan kuma zai tono shi. Idan Fijonsa ta cinye gargadar hanyar Rijau ta shigo gaban kowa a tsaye kan ƙafafunta, direbobi za su dawo. In ba haka ba, fartanya.

Mai duba doka shi ne Mista James, mutumin Rijau, tsohon mai duba lafiyar motoci da ya yi ritaya ba a taɓa ganin ya karɓi ko goro ba, abin da direbobi suka daɗe suna ɗauka a matsayin wata lalura. Dokarsa ba ta da yawa. Ba a ƙara komai a ƙafar gaba bisa abin da kamfani ya sa. Mutum biyu ne a mota, direba da mai nuna hanya, daga tashi har sauka. Sannan yana da wata sandar gora mai tsaga a jiki, wadda zai dafa a ƙasa gaban mota, mutanen biyu suna zaune a ciki, a farkon tsere da ƙarshensa. Idan bamba ta wuce tsagar nan a tsayi, mota ta fita daga tsere. Dokar tana da hikima. Motocin masu kulob yadda kamfani ya yi su suke, kuma ba su tara jama'a don wata motar kasuwa da aka ɗaga da sifirin ɗin babbar mota ta ba su kunya ba.

Mailafiya ya same shi a gindin mangwaron ƙofar gidansa.

"Mista James, idan na ƙara falle ɗaya tak, ɗan siriri, wanda ko kai sai ka sa tabarau za ka gani?"

"Zan sa tabarau."

"Idan na cusa katako tsakanin sifirin da jiki?"

"Katako ba ya cikin abin da kamfani ya sa."

"Shokozoba bibbiyu kowane gefe?"

"Ɗai-ɗai. Ka sa na jirgin ƙasa in ka samu, amma ɗai-ɗai."

"To me kuka bar wa talaka?"

"Abin da ya zo da shi," in ji James. "Ban hana ka gyara abin da ke akwai ba, Mailafiya. Ƙari na hana."

Ya koma ya kwanta a ƙarƙashin Fijo, zafin bazara na dafa shi ta sama da ƙasa. Sifirin ɗinta na gaba guda ne, kwance a gicciye daga taya zuwa taya, fallayen ƙarfe wani bisa wani, kuma shekaru sun baje shi kamar tabarma. Da wannan, rafin farko za ta buga ciki a ƙasa. Ya ba da rediyonsa ya karɓo shokozoba biyu na wata a-kori-kura da ta mutu, amma shokozoba girgiza yake kwantarwa, ba ya ɗaga mota. Duk dabarar da ya sani ƙari ce, don duk ƙasar nan ba a san wata hanyar ƙarfafa mota ba sai a ƙara mata. Sai da ya kusa haƙura sannan maganar James ta dawo masa. A gyara abin da ke akwai. A kwance fallayen, a kai maƙera, a sake ba su ciki.

Ɗan'azumi maƙeri, dogo siriri kamar zare, da damina fartanya da garma yake ƙerawa, da rani kuma ya lanƙwasa sifirin ɗin motocin kasuwa. Mailafiya ya zube masa fallaye ya ce, "Ka ba su ciki." Bai ce ciki nawa ba, Ɗan'azumi bai tambaya ba, domin a Kontagora awon guda ne: wanda zai ɗauki mutum tara da buhunansu, da akuya a bisa. Ba a taɓa ɗaura wa mota ƙafa a garin nan don ta yi tafiya babu kaya ba. Mailafiya yana tsaye yana kallon ƙarfe na yin ja yana lanƙwashewa, yana gyaɗa kai, don shi ma idonsa wannan awon kaɗai ya sani.

Da ya ɗaura ya sauke jak, mota ba ta sauko ba. Ta tsaya hanci a sama kamar bunsurun da ya shinshino wani abu a iska. Ya ɗauki Ɗan'azumi a gefe suka tafi wurin James. James ya dafa sanda.

"Ta wuce da yatsa uku."

"Mu mayar da shi wuta," in ji Mailafiya a hanyar komawa.

"Ƙarfen nan ya sha wuta sau ɗaya ya haƙura," in ji Ɗan'azumi. "Ka mayar da shi, zai karye kamar ƙuli-ƙuli. Kai kuma ka san inda zai zaɓa ya karye."

Babu wani sifirin irinsa kusa da Kaduna, tsere kuma ya ƙarato. Daga nan Mailafiya ya shiga zirga-zirga tsakanin rumfarsa da gindin mangwaro. Ya rage iskar tayoyin gaba. James ya danna da babban yatsa ya ce ya je ya hura. Ya ɗauko dutsen niƙan Ruka ya ɗaure a gefen inji. James ya buɗe, ya dube shi, ya ce dutsen niƙa ba ya cikin abin da kamfani ya sa. Ya mayar wa Ruka dutsenta, ba ta ma lura ya bar gida ba, don babu wani abin niƙan kirki. A zuwa na ƙarshe ya tsaya gaban James, dabara ta ƙare masa. James ya daɗe yana goge tabarau.

"Doka ta ce mutum biyu," in ji shi. "Ba ta faɗi girmansu ba."

Mailafiya ya bazama neman mai ƙiba. Ya je mahauta, ya sami wani ƙato da wuyansa ya haɗe da kafaɗa.

"Ni in shiga motar Raƙumi?" in ji mahaucin. "Alhaji da ya dawo da addu'ar Makka ɗanya a bakinsa ma rarrafe ya yi, balle ni da ko asuba sai an tashe ni."

Ya je wurin wani tsohon ɗan kokawa, ya ce yana da iyali. Ya je wurin mai tireda na bakin tasha, wanda ya saurare shi har ƙarshe cikin tausayi, sannan ya kira direbobi su zo su ji. Ya fito yana jin dariyarsu a bayansa. Da ya ɗaga kai, gabas ta yi baƙi. Hadarin bai zubar ba, ya dai tsaya can yana kallon gari kamar mai jiran a gama sallama.

Ana gobe tsere da la'asar Gwaggo Turai ta sauka daga motar Zugurma, ta zo ganin yawan kayan da za a kwasa. Ta iske shi zaune a ƙasa ya jingina da taya. Ta duba rumfar babu kujera, don an sayar, ta buɗe ƙofar gaban Fijo ta zauna. Mota ta yi ajiyar zuciya. Mailafiya ya ji tayar da ke bayansa ta shige cikin jikin mota.

"Gwaggo, kada ki motsa."

"Kai, ni kake ba umarni?"

"Don girman Allah, Gwaggo, ko numfashi mai ƙarfi kada ki yi."

Ya rarumo karan da ya yi wa tsaga daidai da na James, ya dafa gaban bamba. Saura yatsa ɗaya, shi kuma bai ma shiga ba. Ya zagayo ya durƙusa a gabanta, da gaba, a hankali, kamar motar Alhaji, ya faɗa mata komai.

Ta saurare shi tana taunar goro.

"Wato na goya ka, na share maka majina, na aurar da kai, duk ba ka ga amfanina ba sai yau da kake neman dutsen danne mota."

"Ba haka ba ne, Gwaggo."

"Haka ne mana. Kujerar gaba ce?"

"Ta gaba ce."

"To ji nan. Ka ci tseren nan, na ba ka damina ɗaya, in ga ko direbobin naka za su dawo. Ba ka ci ba, ko ɗigon ruwa bai sauka ba ka bi ni. Kuma ba na son gudu."

Da safe aka taru a filin kulob. Motocin ba su kai goma ba, 'yan kallo ma haka, don jama'a duk tasha suka nufa inda za a ƙare. Aka rubuta wa kowace mota lamba da alli a ƙofa, ta Mailafiya a ƙofar Gwaggo. James ya dafa sanda, bamba ta tsaya ƙasa da tsaga da kaurin farce. Ya sa tabarau ya leƙa ƙasa, ya ƙirga fallaye, ya miƙe ya ce ta bi doka. Ɗaya daga cikin Turawan ya tambaya ko wannan baiwar Allah ta san aikin nuna hanya. James ya ce babu bishiyar da ke hanyar Rijau da ba ta taɓa cin goro a gindinta ba, wanda gaskiya ne.

Aka ɗaga tuta. Har suka fita gari Fijo ce a baya, don injinta na da shekarunsa. Amma da kwalta ta ƙare aka faɗa gargada, sai motocin kulob suka fara rawa suna rage gudu, ita kuwa ta miƙe kamar an shimfiɗa mata darduma. Sitiyari bai yi rawa a hannunsa ba. Ya wuce ta farko, ya wuce ta biyu.

"Wa ke bin ka?" in ji Gwaggo, ta riƙe ƙofa da hannu ɗaya, carbi a ɗayan. "Na ce wa ke bin ka? Rami a dama bayan tsamiyar can. Kai, dama na ce! Haka aka koya maka tuƙi?"

A rafin farko suka iske motar wani babban ma'aikaci ta kafa ciki a yashi, mai ita a tsaye yana duban agogo. A na biyu suka wuce ta Turawa, taya ɗaya ta leƙo waje. Da suka isa kuka, mai riƙe da tuta ya tashi a firgice, don bai zaci kowa da wuri haka ba. Mailafiya ya juyo. A karo na farko tun ranar Alhaji ya bar zuciyarsa ta hango masa tasha: mahaucin nan da mai tireda da direbobi, bakinsu a buɗe, sunan Raƙumi ya maƙale musu a wuya. Idonsa ya kawo ruwa, ya share da kafaɗa.

Sun ci rabin hanyar dawowa sai ga wata mace zaune a bakin hanya kan buhuna, ta rufe kai da tabarma saboda rana, shi ya sa ba su gane ta ba a tafiya.

"Tsaya," in ji Gwaggo. "Dorkas ce."

Dorkas matar Jacob ce, mutumiyar wajen Rijau, abokiyar cinikin Gwaggo tun suna da ƙuruciya. A ɗakinta Gwaggo ta taɓa kwanciya jinya wata damina da zazzaɓi ya kayar da ita a kasuwa.

"Gwaggo, tsere muke."

"Na ce ka tsaya."

"Mutum biyu doka ta ce, Gwaggo. Idan ta shiga, shi ke nan, na mutu. Ki bari in kai ki tasha, wallahi in dawo in ɗauke ta, in kai ta har ɗaki."

"Ta gan ni. Ga ta can tana ɗaga hannu. In wuce ta a kujerar gaba, baya babu kowa, da wane ido zan dube ta a kasuwa? Kai wa ya haife ka?"

Mailafiya ya yanke a ransa ba zai tsaya ba. Ya yanke da gaske, har ya cije leɓe. Amma a Zugurma aka haife shi, inda ba a wuce babba a rana da wuri a mota, kuma ƙafarsa ta taka birki tun kansa bai gama shawara ba.

"Turai! Ke ce? Allah ya kawo ki!" in ji Dorkas. "Tun sanyin safiya nake nan, babu motar haya ko ɗaya. An ce wasu marasa aikin yi ne suka rufe hanya suna guje-guje."

"Ga ɗaya daga cikinsu nan," in ji Gwaggo. "Sauka ka ɗora mata kaya. Ina gajiya? Ina Jacob, ya tarin nasa?"

"Da sauƙi. Ya Lukuman? Ya ƙafar taki? Sannu ɗana, Allah ya yi maka albarka, a hankali da wancan, bakinsa bai ɗauru sosai ba."

Ya ɗora buhun dawa uku a but, ya ɗaure murfin da igiya, yana haki, hawaye da gumi sun haɗu ba a rarrabewa. Kaji biyu da ke ɗaure suka shiga baya tare da mai su. Suna cikin gaisuwar jikoki wata farar mota ta kulob ta wuce su da gudu. Dorkas ta rataya tabarmarta a tagar Gwaggo don ta tare mata rana, tabarma ta sauko ta rufe ƙofa.

Abin mamaki, motar da aka yi wa ƙafar kaya ta sami kaya. Baya ya zauna daram, hanci ya tashi sama, ta kama hanya kamar yau aka haife ta. Kafin rafin farko ya cim ma farar motar ya wuce ta, kaji na kuka.

"Inna Dorkas," in ji Mailafiya, "in sauke ki a bakin gari mana, daga nan ba nisa."

"Da buhu uku?" in ji Gwaggo. "A wannan rana? Kai ta kasuwa."

Farar motar tana bayansa, ko ya so babu lokacin kwance igiya. Haka ya shigo tasha, gaban kowa da kowa, Fijo a tsaye kan ƙafafunta.

Ba wanda ya tafa. Abin da jama'a suka gani shi ne motar kasuwa, hanci a sama, but a ɗaure da igiya, mata biyu da kaji, babu lamba. Wani ɗan sanda ya busa usur ya tare shi.

"Kai mai motar haya, ba ka ji an rufe hanya ba? Kauce! 'Yan tsere na tafe!"

"Ni ne ɗan tseren!"

"Ni kuma gwamna ne. Kauce na ce!"

Aka tura shi gefe wajen masu ƙosai. Daga nan ya kalli farar motar ta shigo, tasha ta ɗauki ihu, aka ɗaga mai ita sama. Sai ga James ya ratso jama'a da sandarsa, ba ya sauri.

"Na ga shigowarka, Mailafiya. Kai ne na farko."

"To ka faɗa musu, Mista James. Don Allah ka faɗa musu."

"Zan faɗa. Bari in gama aikina."

Ya leƙa ciki. Dorkas ta gaishe shi da yarensu, ya amsa, ya tambayi Jacob. Ya ƙirga mutane. Ya zagaya gaba ya dafa sanda, ko da yake babu bukata, don bamba ta wuce tsaga da tafin hannu. Ya cire tabarau ya riƙe.

"Yau na so a ce na manta da shi a gida," in ji shi. "Amma na zo da shi."

Ya kuwa faɗa wa jama'a, kamar yadda ya yi alkawari, cewa motar Mailafiya ce ta fara shigowa, kuma ta fita daga tsere. Direbobi suka taso suka kewaye Fijo. Suka durƙusa suka leƙa ƙasa, suka danna hancin ya dawo, suka dubi buhuna, suka dubi Gwaggo, suka jinjina kai. Mailafiya ya ji zuciyarsa ta sake tashi. Wani tsohon direba ya ɗago kai daga ƙarƙashi.

"Kai, wannan sifirin ya sha aiki. Wa ya lanƙwasa shi?"

Mailafiya ya buɗe baki.

"Ni ne," in ji Ɗan'azumi daga cikin jama'a, kuma bai yi ƙarya ba.

Kafin mako ya zagayo, motoci sun yi layi a ƙofar maƙera. Wasu a hanyarsu ta zuwa can sukan yi wa rumfar kwano ham na gaisuwa.

Ruwan farko a hanya ya same su, Fijo ɗauke da Ruka da yara da jak da akwatin sufanu da dutsen niƙa, Gwaggo a kujerar gaba tana cewa ba ta son gudu. Fartanyar tana nan inda aka ce, Lukuman ya ma sa mata sabuwar ƙota. Mailafiya ya duƙa. Ya yi noma sauran rayuwarsa, ba a ce ya fi kowa ba, ba a ce ya gaza ba. Da yamma a dandali yakan ce duk Jihar Arewa maso Yamma babu wanda ya san ƙafar mota kamarsa, ya ci gaba da faɗa har bayan an raba jihar an sa musu sabon suna, ba wanda ya ja da shi, don a unguwarsu babu mai mota. Injin Fijo ya mutu a damina ta biyu, kaji suka gaji kujerar gaba.

Sifirin ɗin dai bai taɓa karyewa ba. Lukuman ya ɗaura shi a ƙarƙashin amalanken shanu, ana kai taki gona.